Yadda Ake Bin Wasannin Ƙarshe na Zari-Ruga Mai 'Yan Wasa 13 Daga Gidan Kallo a Karkara

Zari-ruga iri biyu ce, kuma duk wanda zai yi gardama a kanta a gidan kallo sai ya fara rarrabe su. Akwai mai 'yan wasa 15, wadda aka fi sani a Kano saboda ƙungiyar Barewa. Akwai kuma mai 'yan wasa 13, wadda ta ɓalle a 1895 a garin Huddersfield na arewacin Ingila, bayan rigima a kan biyan ma'aikata kuɗin yinin da suka rasa saboda wasa. Ta biyun ce muke magana a kanta. Najeriya ba baƙuwa ba ce a cikinta: ta ci kofin yankin Gabas ta Tsakiya da Afirka a Legas a 2019, ta sake ɗaukarsa a Ghana a 2022. Amma manyan gasanninta guda biyu suna waje, wato NRL ta Ostireliya da Super League ta Ingila, kuma dukkansu suna kai wa ƙarshe ne a watannin Satumba da Oktoba, daidai lokacin da mutanen Ringim da Gumel da Bichi suke tsakiyar girbin gero.

Wasa minti 80 ne, amma mai kallon minti 80 kawai rabin labari yake samu. Sauran rabin yana cikin takardu uku da ke fitowa a tsakiyar mako: jadawalin haɗuwa, jerin 'yan wasa, da takardar tuhuma ta kwamitin ladabtarwa. Mai gidan kallon da ya iya karanta su zai riƙe masu kallo, kuma gardamar zaurensa za ta zama ta sani. Lambobin da ke nan na kakar 2025 ne. Kusan kowace shekara ana taɓa wata doka, saboda haka a leƙa shafin gasar a farkon kaka.

Ga wanda ya zo daga ƙwallon ƙafa, ga gindin wasan a taƙaice. Ƙungiya tana da zubi ɗaya na kamu shida. In aka kama mai ƙwallo sau shida ba su ci ba, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa, shi ya sa ake buga ta da ƙafa bayan kamu na biyar. Ba a miƙa ƙwallo gaba da hannu. Masu tsaro sai sun ja baya mita 10 bayan kowane kamu. Dire ƙwallo a bayan layin ƙarshe na abokan karawa maki 4 ne, bugun ƙari bayan direwa 2, fanareti 2, bugun da ake sakin ƙwallo ta taɓa ƙasa sannan a harba ta tsakanin turaku 1. A NRL wannan bugun yana zama 2 in daga bayan layin mita 40 aka yi shi.

Jadawali: me ya sa na ɗaya zuwa na huɗu suke da rai biyu

Ƙungiyoyi 17 ne a NRL, takwas na saman tebur suke shiga wasannin ƙarshe. Wasa tara ne cikin mako huɗu, a tsarin da ake bi tun 2012. Samu allo ko bayan kwali ka zana shi da alli a bakin ƙofa, domin nan ne ake yawan ruɗewa.

A makon farko na 1 zai kara da na 4, na 2 da na 3. Wanda ya ci a cikinsu ya huta mako guda, ya jira a wasan kusa da na ƙarshe a gidansa. Wanda aka ci bai fita ba. Su kuwa na 5 da na 8, da na 6 da na 7, sili ɗaya ƙwale ne. A mako na biyu, wanda ya faɗi tsakanin na 1 da na 4 zai karɓi wanda ya tsira tsakanin na 5 da na 8, ɗaya ɓangaren ma haka. A mako na uku sai a gicciye su, don kada waɗanda suka haɗu a makon farko su sake haɗuwa sai a wasan ƙarshe. Wannan gicciyewar ce masu zana allo suke mantawa da ita.

Kakar 2025 ta isa misali. Canberra ce ta ƙare a saman tebur. Brisbane, ta huɗu, ta doke ta da maki ɗaya a makon farko, Cronulla ta ƙarasa ta a mako na biyu, ta tafi gida ba ta ci wasa ko ɗaya ba. Penrith ta taso daga na bakwai ta ci wasa biyu, sai gicciyewa ta kai ta gaban Brisbane, ta faɗi 16-14. Brisbane ta je ta ci Melbourne 26-22 ta ɗauki kofi. Abin lura shi ne tun da aka kafa NRL a 1998 babu ƙungiyar da ta ɗauki kofi daga ƙasa da matsayi na huɗu. Parramatta a 2009 da North Queensland a 2017 sun kai wasan ƙarshe daga na takwas, duka biyun aka ci su. Wasa huɗu a jere na sili ɗaya ƙwale, ba hutu, yawanci a gidan wani, jiki ba ya ɗauka. Don haka in magoyin bayan ƙungiya ta shida ya ce bana tasu ce, a bar shi da fatansa, amma kada a rubuta masa a allo.

In an tashi kunnen doki a waɗannan wasanni, ana ƙara minti biyar-biyar cikakku. In har yanzu ba a rabu ba, sai a ci gaba ba iyaka, wanda ya fara samun maki ya ci. Mai janareta ya riƙe wannan a ransa lokacin sayen mai.

Jerin Talata da yadda ake karanta shi

Kowace Talata da ƙarfe 4 na yamma agogon Sidni, wato 7 na safe a nan, kowace ƙungiya tana fitar da sunaye 22. A kakar 2025, saura awa 24 a fara wasa akan rage su zuwa 19. Saura awa ɗaya a fitar da tabbatattun 17 da mutum na 18. Wanda ya tsaya a jerin Talata kawai, koci ya yaudare shi, domin kociyoyi suna amfani da shi wajen ɓoye shirinsu.

A NRL lambar riga tana faɗin matsayi. Lamba 1 mai tsaron baya ne, 2 da 5 'yan gefe, 3 da 4 'yan tsakiyar baya, 6 da 7 masu raba ƙwallo da bugun ƙafa, 8 da 10 ƙartin gaba, 9 mai ɗauko ƙwallo bayan kowane kamu, 11 da 12 ƙartin gefe, 13 mai haɗa gaba da baya. A kakar 2025, daga 14 zuwa 17 ne benci.

Fara da lambobi huɗu: 1, 6, 7 da 9. Su ne ke taɓa ƙwallo fiye da kowa, su ne ke yanke shawarar inda za a kai hari. Tambayar da za ka yi ba wai ko gwanaye ba ne, wasa nawa suka yi tare a bana? Penrith ta ɗauki kofi huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024 tana rasa manyan 'yan wasa kowace shekara, amma Dylan Edwards a lamba 1, Jarome Luai a 6, Nathan Cleary a 7 da Isaah Yeo a 13 ba su motsa ba a duk wasannin ƙarshen huɗu. A ganinmu kocin da ya canza lamba 7 a watan Satumba ba tare da rauni ya tilasta masa ba, ya makara da gyaran. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bayan haka ka duba gefe-gefe. Tsaron kowane ɓangare mutum huɗu ne ke riƙe da shi: ɗan gefe, ɗan tsakiyar baya, ƙaton gefe, da ɗaya daga cikin 6 ko 7. Dole su tashi tare su ja tare. In ɗaya ya zabura gaba sauran suka tsaya, rami ya buɗe kenan. Saboda haka in ka ga sabon suna a lamba 3 ko 4, ka sa ido a wannan ɓangaren tun minti goma na farko, domin abokan karawa can za su yi ta aika ƙwallo har sai an tare su ko sun fasa. Magoya baya suna son a sa yaro mai gudu da ya dire biyu a wasan ƙananan ƙungiyoyi, amma koci yakan zaɓi dattijon da bai cika zarra ba saboda ya san lokacin shiga da lokacin jira. A wasannin ƙarshe, koci ne ya fi gaskiya sau da yawa.

Benci shi ne wurin da ya fi cancantar gardama. Canji takwas kacal aka yarda a wasa. Ƙaton gaba yakan yi minti 20 zuwa 25 a fitar da shi, a dawo da shi a zagaye na biyu, wato fita da dawowar ƙarti biyu ta cinye canji huɗu. Abin da aka saba shi ne ƙarti uku da mutum ɗaya mai iya riƙe lamba 9 ko 6. In koci ya cika bencin da ƙarti huɗu, yana son ya murƙushe tsakiya ne, amma ranar da lamba 7 ya ji ciwo a minti na 15 sai ka ga ƙaton gefe yana raba ƙwallo, bugun ƙafa ya lalace. In kuma ya ajiye ɗan baya zalla a benci, ƙartinsa za su yi mintocin da suka fi ƙarfinsu, kuma alamar tana fitowa ne daga minti na 60: jinkirin komawa layi, hannu a ƙugu, alkali yana ta kaɗa hannu yana ba abokan karawa sabon zubi.

Kada ka raina lambobi 18 zuwa 22. In babban ɗan wasa yana jinya sai ka ga sunansa a can ƙasa, alama ce ana gwada lafiyarsa. A 2018 Cooper Cronk na Sydney Roosters ya karye a allon kafaɗa mako ɗaya kafin wasan ƙarshe. Aka ba wani riga mai lamba 7, shi kuma ya fito da lamba 23, hannu ɗaya kusan ba ya aiki, yana nuna wa abokansa inda za su tsaya. Suka ci Melbourne 21-6. Labari ne mai daɗi, amma kada ya zama hujjar a riƙa sa marasa lafiya. Ya yiwu ne saboda abokin wasansa Luke Keary ya ɗauke nauyin wasan, ƙartin Roosters kuma suka yi ta kare Cronk daga kamu. Ƙungiyar da ba ta da waɗannan biyun, da mutum 12 za ta yi wasa.

Ciwon kai kuwa ba a tattaunawa a kansa. Wanda ya bugu a kai ana fitar da shi minti 15 a gwada shi, wannan canjin ba ya cikin takwas ɗin. Akwai likita mai zaman kansa da ke kallon bidiyo, yana da ikon cewa a fitar da mutum ko ƙungiyarsa ba ta so. In ya faɗi gwajin, ko aka ga ya sume ko yana tangaɗi, ba zai dawo ba, kuma doka ta ce ya huta kwana 11. Lissafa da kanka: wanda ya bugu a wasan kusa da na ƙarshe ranar Juma'a, kwana tara ne tsakaninsa da Lahadin kofi. A kakar 2025, mutum na 18 yakan shiga ne kawai in mutum biyu sun faɗi gwajin kai, ko an raunata ɗan wasa ta hanyar ƙeta har aka ba mai laifin zaman minti 10 ko aka kore shi gaba ɗaya.

Hukunci a fili da hukunci bayan wasa

Abu biyu ne daban, kuma haɗa su ne ke kawo yawancin hayaniya. A fili alkali yana da matakai huɗu. Fanareti. Sa laifi a rahoto, inda zai gicciye hannuwansa a saman kai. Zaman minti 10, inda zai ɗaga yatsu goma. Sai kora gaba ɗaya. A NRL ba a ɗaga kati, a Ingila ne ake nuna rawaya da ja. Sa mutum a rahoto ba hukunci ba ne, saƙo ne ga kwamiti cewa ya duba. Ana iya sa mutum a rahoto ya fita ba tuhuma, ana kuma iya tuhumar wanda alkali bai ko busa masa usur ba.

Ɗakin bidiyo da ake kira Bunker, wanda aka buɗe a 2016, yana duba kowace direwa. Kyaftin kuma, tun 2020, yana da damar ƙalubalantar hukunci cikin daƙiƙa 10 in wasa ya tsaya. In ya yi gaskiya damarsa tana nan, in bai yi ba ta ƙare. Kyaftin ɗin da ya ƙona ta a minti na 8 saboda abokinsa ya rantse ƙwallo ba ta suɓuce masa ba, ya cuci ƙungiyarsa.

Bayan wasa, kwamitin duba wasanni yana kallon bidiyo ya fitar da tuhuma washegari da safe agogonsu, wato kafin ka tashi sallar asuba ta fito. Abu uku za ka nema a kowace tuhuma: sunan laifin, darajarsa daga 1 zuwa 3, da ko karo na nawa ne ɗan wasan ya yi laifi cikin wata 12. Tun gyaran 2022 waɗannan ukun ne ke ba da hukunci kai tsaye. Ɗauki kamun wuya na sakaci. Karo na farko, daraja ta 1, tara ce ta dalar Ostireliya 1,500, ko 1,000 in ya amsa laifi da wuri. Daraja ta 2 wasa biyu, ta 3 wasa uku, amsa laifi da wuri kuma yana rage wasa ɗaya. Karo na uku, daraja ta 3 ta kai wasa biyar. Laifin da ya wuce misali ba a ba shi daraja, kai tsaye ake tura shi gaban kwamitin shari'a, kamar na Spencer Leniu da aka dakatar wasa takwas a 2024 saboda kalmar wariyar launin fata da ya faɗa wa Ezra Mam.

Wannan ne amsar tambayar da kullum ake yi, wai me ya sa laifi ɗaya amma wane ya biya tara, wane ya rasa wasa uku. Ba son kai ba ne a mafi yawan lokuta. Tarihinsu ne ya bambanta.

Ɗan wasa yana da zaɓi uku zuwa tsakar ranar da ke biye. Ya amsa ya samu ragi. Ya amsa laifin amma ya yi jayayya da darajar. Ko ya musanta gaba ɗaya. In ya je gaban kwamitin shari'a ya faɗi, ragin ya tafi. Ana zama daren Talata a Sidni, safiyar Talata a nan, a makon kofi kuma akan matso da shi. A tsakiyar kaka kusan kowa amsawa yake yi, amma in kofi ne a gaba, wasa huɗu da biyar duk ɗaya ne, sai a je a gwada. Haka Nelson Asofa-Solomona na Melbourne ya yi a 2024 bayan ya bugi Lindsay Collins a kai a kamun farko na wasan kusa da na ƙarshe. Daraja ta 3 ce, karo na uku. Sai an sauke ta har zuwa ta 1 kafin ya tsira da tara. Kwamiti ya ƙi, ya tafi wasa biyar, Penrith ta ci Melbourne 14-6 a wasan ƙarshe. Cameron Smith ya rasa wasan ƙarshe na 2008 saboda riƙon wuyan Sam Thaiday, Manly ta lallasa Melbourne 40-0. Issac Luke ya rasa na 2014 saboda ɗaga Sonny Bill Williams, amma South Sydney ta ci 30-6 ba tare da shi ba. Billy Slater na Melbourne kuwa an wanke shi a 2018 daga tuhumar bangaza da kafaɗa, har yau ana gardama a kai.

Duk shekara sai an ji masu cewa bai kamata a hana mutum wasan kofi ba sai laifin ya yi muni ƙwarai. Ba mu tare da su. Wuyan da ya karye a Satumba bai fi na Afrilu saurin warkewa ba. Alex McKinnon na Newcastle yana kan keken guragu tun kamun ɗagawa da aka yi masa a 2014. In aka sassauta a wasannin ƙarshe, an gaya wa kowane ƙato cewa makon da ya fi son raunata lamba 7 na abokan karawa shi ne makon da hukunci ya fi arha. Abin da ya dace magoyin baya ya nema shi ne a daidaita ma'auni daga makon farko zuwa na ƙarshe, nan kam yana da hakkin ɗaga murya, domin kwamitin yakan tsananta a wani wata ya sassauta a wani.

Ga yadda za ka auna kamu da kanka kafin kwamiti ya yi magana. Sauke bidiyon a waya, ka kalle shi sau ɗaya a saurinsa na asali, domin hoto mai jinkiri yana mai da kowane karo kamar da gangan. Sannan ka rage sauri ka tsayar da shi daidai inda jiki ya fara haɗuwa. Ina hannu ko kafaɗa ta fara sauka: a ƙirji ta zame sama, ko kai tsaye a haɓa? Mai kamun ya lanƙwasa gwiwa, ko a miƙe ya zo? Hannunsa ya buɗe zai rungumo, ko ya naɗe shi a jikin haƙarƙari? In a naɗe yake, bangaza ce da kafaɗa, kuma an hana ta tun 2013. Mai ƙwallon yana faɗuwa ne lokacin da aka same shi? Wannan yana rage daraja, amma ba ya wanke laifi. A kamun ƙugu kuwa alamomi uku ake nema a jere: ya riƙe mutum, ya juya jikinsa, ya saki nauyinsa a bayan ƙafafun wanda ya riƙe, ƙafafunsa shi kansa sun bar ƙasa. In ya fara sauka a ƙasa ne sannan ya gangaro kan ƙafar, yawanci hatsari ake ɗaukarsa. In aka ɗaga mutum har ƙafafunsa suka wuce kansa, duk mai hannu a tsakanin cinyoyinsa shi za a fara tambaya.

A zaure, mai gidan kallo ya kafa ƙa'ida ɗaya: wanda zai ce an yi zalunci ya faɗi laifin, darajar, da karo na nawa. In saurayi ya miƙe yana cewa, "Wallahi Yaya, sayen alkalin nan aka yi," amsar ita ce, "Zauna ƙanena, gaya mana ina kafaɗar ta sauka." Alkalai suna kuskure, ba a musu. A wasan ƙarshe na 2019 alkali ya kaɗa wa Canberra hannun sabon zubi, ya janye cikin daƙiƙoƙi, suka rasa ƙwallo, Roosters suka dire a zubin da ya biyo baya suka ci 14-8. Mutanen Canberra suna da gaskiyar jin zafi. Amma irin wannan ana nuna shi ne da minti da doka.

Ingila a gurguje

A Super League shida ne ke shiga. Na 1 da na 2 su huta, na 3 ya kara da na 6, na 4 da na 5, kuma babu mai rai biyu. Lambar riga ta mutum ce duk kaka, ba ta matsayi ba, don haka sai ka duba tsarin jerin, kada ka dogara da lamba. Darajar laifi da haruffa ake rubuta ta, daga A zuwa sama. Ana wasan ƙarshe a Old Trafford tun 1998, ban da na 2020, filin da 'yan gidan kallo suka riga suka sani. Wigan, St Helens, Leeds da Bradford ne kaɗai suka taɓa ɗauka, sai a 2025 Hull KR ta ci Wigan 24-6.

Lokaci da kayan aiki

Sidni tana gaban Najeriya da awa tara a Satumba. Wasan 7:50 na dare a can 10:50 na safe ne a nan, na 4 na yamma kuma 7 na safe. Na ranar Juma'a yakan ƙare kafin ƙarfe ɗaya, ana samun masallaci, amma 'yan kasuwar Wudil sai dai su ji labari. Tarkon yana ranar kofi. Ana yin sa ne Lahadin farko ta Oktoba, kuma a wannan daren ne Sidni take tura agogonta gaba da awa ɗaya. Tazarar ta koma awa goma, wasan 7:30 na dare ya zama 9:30 na safe. Wanda ya yi lissafi da awa tara zai iso ya tarar an dawo daga hutun rabin lokaci. Lahadi kuma ranar kasuwar Ɗambatta ce da ta Gujungu, ga aikin gona, saboda haka a sanar tun Juma'a, a kuma shirya maimaici bayan isha'i ga waɗanda suka tafi. Masu kallon safe su riƙe bakinsu.

Ta intanet aka fi samun wasannin, ta manhajar Watch NRL ko Super League+, kuma ana biya. Wasa ɗaya da hutunsa kusan awa biyu ne. A matsakaicin hoto ka tanadi data kimanin giga ɗaya da rabi, a hoto mai kyau biyu zuwa uku. Kada ka bar manhajar ta zaɓi ingancin hoto da kanta, ka kafe shi a matsakaici, in ba haka ba duk lokacin da sabis ya motsa hoton zai tsaya yana juyi. Gwada layi biyu a ainihin wurin da talabijin take, a irin sa'ar da za a yi wasan, kwana ɗaya kafin nan. In sabis ya fi ƙarfi a waje, rataye wayar da ke raba intanet a saman gungume cikin inuwa, kada a kan kwano, domin zafi yana kashe ta. A kashe kiran waya a kanta.

Wasan safe alheri ne ga mai sola. Talabijin mai inci 43 ba ta kai wat 100 ba, faranti ɗaya mai wat 300 da batir mai lafiya sun riƙe ta da fanka. Mai ƙaramin janareta ya zuba lita biyu, ya ajiye ɗaya saboda ƙarin lokaci, ya kuma nisanta injin daga zaure saboda hayaƙi da ƙara, domin a wannan wasan ana bukatar jin muryar alkali yana ƙirga kamu. Babbar matsalar rana haske ce. Juya fuskar talabijin ta bar ƙofa, ka toshe tagogin gabas da buhu ko tamfol, amma ka bar na yamma a buɗe don iska, in ba haka ba kafin sha ɗaya zauren kwano ba ya zaunuwa.

Na Old Trafford ana fara shi 6 na yamma ranar Asabar a Oktoba, kuma a wannan lokacin agogon Ingila ɗaya ne da namu. Magariba za ta faɗo cikin mintocin farko. A yi shawara tun kafin a fara: a tsayar da hoton, a tafi masallaci, a dawo a ci gaba daga inda aka tsaya, kowa kuma ya kashe datar wayarsa don kada wani ya leƙo sakamako ya faɗa.